Wurin Suzune a Layin Dodanni

Shekarata goma sha ɗaya ina tsaron sashen wasan yara a hawa na biyu na kantinmu, tsakanin masu sayar da katifa da masu takalman makaranta, kuma ban taɓa yin kamar ina son aikin ba. Sunana Isogai Tokiko. A gaban idona yara na ce mini Oba-chan, wato Goggo, a bayan idona kuwa Dodo Mai Tauraro Bakwai, don a injin da suke mutuwar so, dodon da ya fi kowane ƙarfi taurarinsa shida ne. Tun ranar da aka raɗa sunan na ji shi. Bai dame ni ba, har ma na ɗan ji daɗi.

Injin kujera biyu gare shi da babban allo ɗaya. Ka jefa ƙwandalar yen ɗari, ka jera faya-fayanka na roba a gaban allon, dodanninka su fito su kara da na ciki, kai kuma ka yi ta dukan maɓalli kamar an kama ɓarawo. In ka ci sa'a ka kama dodo, injin ya tofo maka shi a sabon faifai da ɗuminsa, ka saka a 'yar akwatinka. Shi ke nan abin da ke sa yaran garin nan hana iyayensu barcin safiyar Asabar. Doka ɗaya ce a wurin, ni na rubuta ta da hannuna na liƙa: wasa ɗaya, ka tashi ka koma ƙarshen layi. A ƙasa akwai tambarin sawu ruwan ɗorawa guda shida da aka liƙa tun zamanin annoba, a kansu ake tsayawa. Na taɓa tayar da wani uba mai gemu daga kujerar nan a gaban 'ya'yansa, kuma na yi barcina lafiya a ranar.

Yaran su ma suna da tasu dokar da ba ni na koya musu ba. Wanda fitsari ya matsa, ya ajiye akwatin faya-fayansa a kan sawunsa ya tafi. Ba mai taɓawa da ƙafa, ba mai buɗewa. In layi ya matsa, na bayansa ya sunkuya ya tura akwatin gaba da hannu. In akwatin ya iso gaba mai shi bai dawo ba, a ɗan jira, sannan a ɗauke shi a mayar ƙarshen layi. Manya ma ba sa riƙon amana haka.

Kuramochi Suzune 'yar aji uku ce, haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, bakinta kuwa bai san gajiya ba. Duk yara suna jera faya-fayansu bisa yawan taurari, ita tana jera nata bisa wa ke shiri da wa, wai in ta haɗa waɗanda ba sa ga-maciji a layi ɗaya za su yi faɗa cikin akwati. Uwarta tana aiki a shagon abincin rana da ke tsallaken babban titi, daidai ƙofar kantinmu. Kowace Asabar ta ba ta ƙwandala uku ta turo ta wurina, ni da ba a biya ni kuɗin reno ba.

Asabar ɗin tsakiyar Yuni, ana tsakiyar damina, tun asuba ake ruwa. Ƙwandalarta ta ƙarshe ta jefa, sai ga mai tauraro shida ya fito. Yara suka ɗauki ihu. Ta dake shi, ta dake shi, har ya galabaita, amma da ta zo kamawa sai ya suɓuce. In haka ta faru dodon ba ya tafiya nan take, yakan tsaya a allo yana jiran ƙwandala ta gaba, ko ta wa. Ta juyo ta kalle ni. Ta ce in riƙe mata kujerar minti uku kacal, ta je wurin mamarta ta dawo. Na nuna mata takardar da ke bango. Ta ce ita ta wahalar da shi, ba adalci ba ne wani ya zo ya ɗauka a ɓagas. Na ce mutum biyar ne a bayanta, kuma kowa da uwarsa ta haifa.

“Haba Oba-chan, minti biyu to.”

“Kujera ba a riƙe ta. Ki ajiye akwatinki a layi. In kin yi gudu kya dawo kafin ya iso gaba.”

Ni na ce ta yi gudu. A aljihun rigar aikina akwai ƙwandaloli na gwajin inji, ina jin nauyinsu a cinyata lokacin da nake maganar. Ta murguɗa mini baki, ta ajiye koren akwatinta a kan sawu na shida, ta sauka matakala tana tsallake bibbiyu.

Hawa na biyu ba shi da taga, kuma ƙarar injuna ba ta barin ka ji ko da aradu. Ba mu ji birki ba, ba mu ji jiniya ba. Yara suka yi ta tura koren akwatin gaba, ya iso, su jira, su mayar da shi baya. Sau huɗu na ga an yi haka, har ina tsaki a raina ina cewa uwar ta hana ta kuɗin, tana can tana kumbure-kumbure. Sai wajen ƙarfe uku mai shara ta hawo ta ce mini mota ta buge wata yarinya a gaban kanti, wani tsoho ne ke tuƙi, ruwa ya hana shi gani. Ta ce yarinyar ba ta ma kai tsallaken ba. Suzune ce, kuma ba ta rayu ba.

Na ɗauki akwatin da yamma. Inda ya kamata in kai shi na sani, ofis, wurin kayan tsintuwa, su kira uwar. Na buɗe lokata na tura shi can ƙarƙashin rigar sanyi na kulle. Ranar jana'iza na ce ciwon baya ya tashi. Tsoro ne, ba wani ciwon baya. Ina tsoron matar nan ta dube ni ta tambaye ni me ya fitar da 'yarta cikin ruwa da gudu.

Asabar ta gaba yaran suka dawo, shiru-shiru da farko, kafin inji ya mantar da su. Ina goge gilashin injin kama 'yar tsana sai na lura layin yana da giɓi. Yaro a sawu na uku, yaro a sawu na biyar, na huɗu ba kowa. Na ce su matsa, wannan ba layin asibiti ba ne. Suka dube ni, ba wanda ya motsa. Layi ya ci gaba, giɓin ya ci gaba tare da shi, daga na huɗu zuwa na uku, zuwa na biyu. Da ya iso gaba, kujerar hagu ta zauna ba kowa, injin yana ta kiran a jefa kuɗi da muryar nan tasa mai fara'a. Na baya ya tsaya ya ƙirga abin da ya ƙirga a ransa, sannan ya zauna. Wanda ya tashi daga ɗaya kujerar ya nufi ƙarshen layi, ya tsallake sawu ɗaya, ya tsaya a na bayansa.

Na ce abin yara ne, juyayi ne irin nasu, zai wuce. Na ma ji sun ba ni tausayi. Sati biyu, sati uku, bai wuce ba. Na tsare babbansu na tambaye shi wa ya shirya wannan wasan. Ya sosa kai ya ce ba wanda ya shirya, wurin Suzune-chan ne, ta ce a riƙe mata. Na tambaye shi ko yana ganinta. Ya ce a'a mana, ai ta mutu, yana kallona kamar ni ce mai taɓin hankali. To me ya sa ba ya taka wurin? Ya ce shi ma bai sani ba, kawai dai da mutum.

Da damina ta wuce aka ba da dogon hutun makaranta, sai abin ya zama na kullum. A lokacin ne jikokin mutane ke zuwa daga manyan birane, yaran da ba su taɓa jin sunan Suzune ba, ba su san kowa a garin ba sai kakarsu. Na zuba ido in ga wanda zai cike giɓin. Wani ɗan Osaka mai surutu ya shigo da gudu da akwatinsa kamar na ɗan kasuwa, ya nufi sawu na biyar kai tsaye, sai ya ja birki. Ya ɗan sunkuyar da kai irin na ban haƙuri, ya koma na shida. A waje rana ce ƙwal, gyare na ta kuka a bishiyoyin wurin ajiye motoci, amma da na sunkuya da tsumma bayan an watse, sawun da giɓin ya tsaya a kai yana da danshi, kuma wurin na warin rigar ruwa da ba ta bushe ba.

Na je wa manaja da maganar, ban faɗa masa duka ba. Ya ce muddin ba wanda ya kawo ƙorafi, in bar yara su tsaya yadda suka ga dama, kuma bututun na'urar sanyaya ɗaki ne ke ɗiga. Ya turo mai gyara. Mai gyara ya hau tsani ya sauko, ya ce ba bututu a saman wurin.

Akwai wata 'yar mitsitsiya, Futaba, shekararta biyar, ba ta ma iya wasan ba, maɓalli kawai take duka da hannu biyu. Wata Talata giɓin ya iso gaba, kujera ba kowa, Futaba ce a baya. Ta leƙa gefen kujerar, ta juyo wurina da fuskar mai kawo ƙara.

“Oba-chan, injin nan ba ya karɓar kuɗinta.”

Na ce kuɗin wa.

“Na wannan yayar. Na takarda aka ba ta. Tana ta turawa yana ƙi.”

Shekara shida da suka wuce ni na saka wa mijina irin wannan takardar a jakar wuyansa kafin a rufe akwatin gawa. Kuɗin jirgin da ke tsallakar da mamaci kogin lahira ne, ƙwandala shida. A zamanin kakanninmu na ƙarfe ake sakawa, yanzu gidan ƙona gawa ba ya yarda da ƙarfe ko roba, sai a buga hoton ƙwandalolin a takarda a ba mamaci. Futaba ba ta je jana'izar ba, iyayenta ma ba su san gidan Kuramochi ba. Ta gama maganarta ta hau kujera ta ci gaba da dukan maɓalli.

Daga ranar na san abin da nake kallo. Yarinya ta fita neman ƙwandala ɗaya, ba ta samo ba, ta dawo layinta kamar yadda na ce. Ta iso gaba, ba ta da abin jefawa, ta koma baya. Tun buɗe kanti har rufewa. Kuma kowa ya sani, mamaci kwana arba'in da tara yake yi a tsakaninmu kafin ya tsallaka. Wanda wani abu ya riƙe har ranar ta wuce, ba ya tsallakawa, yana nan inda ya maƙale. Na ƙirga a kalandar ofis, ranar Suzune ta arba'in da tara Juma'a ce, biyu ga Agusta. Saura kwana goma.

Maganin a aljihuna yake. In jira giɓin ya iso gaba, in jefa ƙwandala, in matsa gefe. Sau nawa na sa hannu a aljihu, har na matsa kusa da injin. Sai in tsaya. Mu an rene mu a kan cewa mamacin wani ba naka ba ne. Ko turare ba ka kunna wa a gidan mutane sai an ce ka shigo, an nuna maka inda za ka durƙusa. Ni wace ce da zan sallami 'yar wata, a bayan idonta, ni da na jawo komai? Dole sai na je na gaishe da uwar tukuna, na faɗi laifina, na nemi izini. Haka ake yi. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Kwana goma ina riƙe da mabuɗin fitar yarinyar, ina lissafin ladabi.

Ban je ba kuwa sai ranar Alhamis, ana gobe wa'adi. Na sa baƙar riga, na sayi kwalin alewar wake a hawa na ƙasa aka naɗe mini da takardar ta'aziyya, na ciro koren akwatin daga loka. Gidajen haya ne na ƙaramar hukuma a bayan makarantar firamare, hawa na uku. Uban yarinyar ya daɗe da barinsu, uwar, Kuramochi-san, ita kaɗai ce. Ta buɗe ƙofa, mace mai shekara talatin da 'yan kai, ta rame har agogonta na yawo a hannu. Ta gane ni. Ta ce in shigo, ta ba ni haƙurin ƙanƙantar ɗakin, ta zuba mini shayin sha'ir mai sanyi.

Ƙasusuwan yarinyar da suka rage bayan ƙonawa suna kan ɗan teburi mai farin ƙyalle, cikin akwati da aka naɗe, ga hoto, ga kofin madarar da aka canza da safe. Na kunna turare, na haɗa hannu, sannan na juyo na sa goshina a tabarma na faɗi komai. Dodon, kujerar, minti ukun da na hana, gudun da na ce ta yi, ƙwandalolin aljihuna, akwatin da na ɓoye. Na so ta zage ni. Da ta watsa mini shayin nan a fuska da na ji sauƙi. Ta jawo akwatin ta buɗe, ta bi faya-fayan da yatsa. Ta ce ta juye gidan nan kaf tana nemansa, ta so ta saka mata ko guda ɗaya a hannu, mai shirya jana'iza ya ce ko an samu ba za a yarda ba, roba ce.

Sai na faɗa mata sauran, ina jin kunyar kowace kalma. Giɓin, ɗan Osaka, maganar Futaba. Na ce na zo neman izini ne in jefa ƙwandala gobe, yarinyar ta yi wasanta ta samu ta tafi a ranarta.

Ta ɗago kai. Idonta ya canza, ni kuma a wautata na ɗauka sauƙi ta ji.

“Tana can? Kullum?”

“Haka nake gani, Kuramochi-san.”

“Tun ƙarfe nawa?”

Na ce goma muke buɗewa. Ta kalli hoton. Ta ce wurinta yarinyar ta taho karɓar kuɗin, don haka ita za ta jefa da hannunta. Da safe za a yi addu'a a haikali a kai ƙasusuwan kabari, da an gama za ta zo. Ta rako ni har bakin matakala tana rusunawa. Na koma gida na ci abinci da yawa a karo na farko tun Yuni.

Ƙarfe huɗu saura ta hawo, da baƙaƙen kayan makoki da sarƙar farin dutse a wuya, ƙamshin turaren haikali na binta. Yara bakwai ne a wurin. Ba ta tambaye ni ina ne ba. Ta dubi layin sau ɗaya, ta je ta tsaya daidai bayan giɓin, yaron da ke wurin ya matsa mata ba tare da an ce masa ba. Ƙwandalar na hannunta na dama. Na hagun ya sauka a gefenta, tafin a buɗe, a daidai tsayin kan yaro.

Layi ya matsa. Na uku, na biyu. Kujerar hagu ta zama ba kowa, injin ya fara kiransa. Ta taka gaba, ta sunkuya, ta kai ƙwandalar bakin ramin. Ina ganin gefen ƙarfen ya shiga. Yara duk sun yi tsit, abin da ban taɓa samu daga gare su ba a shekara goma sha ɗaya. Sai ta janye hannunta. Ta juya ta ce wa na bayanta ya zauna, ita ba ta shirya ba tukuna. Ta koma ƙarshen layi, ta bar sawu ɗaya a gabanta.

Na ce a raina a bar ta, uwa ce, ta ɗan zaga da ita sau ɗaya. Ta zaga sau biyu, sau biyar. Tun ina ƙirgawa har na daina. Kowane zagaye fuskarta na ƙara sakewa, har na ga leɓenta na motsi, tana hira ƙasa-ƙasa. Ƙarfe shida na sallami yaran da ba su zo da babba ba, kamar yadda doka ta ce. Bakwai saura kwata aka saki kiɗan rufe kanti, masu katifa suka fara ja wa kayansu raga. Saura ni da ita, da sawun farko da ba kowa a kai.

Na matsa kusa. Na ce mata lokaci ya tafi, in ba za ta iya ba ta bari ni in jefa, ta juya baya kawai. Na ciro tawa daga aljihu. Ta sa tafin hannunta ta rufe ramin kuɗin.

“Isogai-san, kwana arba'in da takwas ina kwana a gaban teburin nan. Ko motsin labule ban ji ba. Na ɗauka fushi take da ni. Ashe tana nan, ni ina can.”

“In yau ta wuce ba za ta tsallaka ba. Kin fi ni sani.”

“Na sani.”

“Yarinya ce. Ta gaji da tsayuwa.”

“Zan riƙa tsayawa da ita.” Muryarta ko rawa ba ta yi. “In ta buga za ta tafi, ni kuma in koma wa? Kin hana ta sau ɗaya don takardar bango. Ki ƙara hana ta sau ɗaya, don ni.”

Na fi ta ƙarfi, wannan ba shakka, matar da iska za ta iya ɗauka. Ture hannun nan ba zai ɗauke ni daƙiƙa biyu ba. Na san abin da ya dace, na san shi sarai, kuma zan so in ce na yi. Amma jiya-jiya na sa goshina a tabarmarta na ce ita ke da iko, da ƙafata na je na miƙa mata. Ta dube ni, ba da fushi ba, da roƙo, ni da na raba ta da 'yarta. Manaja ya leƙo daga bakin matakala ya nuna mini agogo.

Na mayar da ƙwandalar aljihu. Na durƙusa a gefen injin na buɗe ƙaramar ƙofarsa da mabuɗi. Ina kai hannu ga makunnin sai na ji an ja gefen rigar aikina ta baya, ja biyu ƙanana, yadda yara ke yi in suna son in juyo. Kuramochi-san tana gabana, hannayenta biyu ina ganinsu. Ban juya ba. Na kashe, allon ya yi baƙi, muryar ta yanke a tsakiyar kira.

Washegari Asabar na iso tara da rabi, na same ta a ƙofar ma'aikata tana jirana. Ta sa riga mai furanni, ta gyara gashi, har da jan baki. Ta ce ta ajiye aikin shagon abincin, ta samu na dare a wata masana'anta don ranakunta su zama nata. A jakarta akwai abincin rana kwali biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Ta ciro wani ƙunshi mai kyau daga shagon alewa mafi tsada a garin, ta miƙo mini da hannu biyu, ta rusuna sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

“Na gode da jiya, Isogai-san. Ki ci gaba da kula mana.”

Kyauta in an miƙo ba a mayarwa. Na sa hannu biyu na karɓa, na rusuna, na ce ba komai. Sannan na hau sama na kunna musu injin.